Addu'ar Manowa da Tankin Feshi

Karatu: Alƙalai 13:1-14
Ayar tunani: Alƙalai 13:8



A garin Zora akwai wani mutum daga kabilar Dan mai suna Manowa. Matarsa ba ta taɓa haihuwa ba. Littafi Mai Tsarki bai faɗa mana sunanta ba, amma wurinta mala'ikan Ubangiji ya zo da albishir cewa za ta ɗauki ciki ta haifi ɗa, wanda zai fara kuɓutar da Isra'ila daga hannun Filistiyawa. Wannan ɗan shi ne Samson. Mun saba idan mun karanta wurin nan mu tsaya a kan albishir ɗin, mu ɗaga hannu mu ce Halleluya, Allah ya buɗe mahaifar da take a rufe. Gaskiya ne, har yau ma yana buɗewa. Sai dai mala'ikan bai juya ya tafi daga nan ba. Tare da alkawarin ya bar mata umarni game da abin da za ta sha da abin da za ta ci, ya kuma gargaɗe ta ta kula ƙwarai.

Ku lura da kyau. Yaron ne keɓaɓɓe ga Allah, dokar keɓewar tasa ce, amma uwar aka ɗora wa ita, tun kafin ta ji wata alama a jikinta. Me ya sa? Domin muddin yana cikinta, abin da ya shiga jikinta ya shiga nasa. Allah wanda ya tsara mahaifa ya san wannan tun ba a gina asibiti ko ɗaya a duniya ba.

Da matar ta faɗa wa mijinta, Manowa bai ce wannan zancen mata ne ba. Ya durƙusa ya roƙi Ubangiji ya sake aiko da manzon, domin su biyun su koyi yadda za su yi da yaron. Allah ya ji shi. Mala'ikan ya dawo, ya tarar da matar zaune a saura, ta ruga ta kira mijinta. Manowa ya yi tambaya a kan rayuwar yaron da aikin da zai yi, amsar da ya samu kuwa a kan matarsa ce: ta kiyaye duk abin da aka faɗa mata. Yanzu umarnin ya shiga kunnen maigida. Daga wannan rana ba shi da bakin cewa bai sani ba.

Idan mala'ika zai tarar da matanmu a gona yau, me zai gani? Zai ga 'yar'uwa tana zuba ruwa a tankin feshi, mijinta yana tsiyaya maganin ciyawa, tana juyawa da kara, yana fantsama a hannunta. Zai ga wata tana tsinkar wake ko tumatir washegarin da aka fesa musu maganin ƙwari, ganyen bai ma gama bushewa ba. Da yamma zai bi ta gida ya ga tana wanke kayan feshin maigida da hannu tsirara, a bahon da take wanke kayan yara. Da dare kuma a yayyafa fiya-fiya a ƙarƙashin gado saboda sauro da kuɗin-cizo, a rufe ƙofa da taga a kwanta. Babu mugunta a cikin wannan ko kaɗan. Neman abinci ne da neman barci. Amma guba ba ta tambayar niyyar mutum kafin ta yi aikinta.

Zabura 139 ta kwatanta Allah da masaƙi yana harhaɗa mutum a ɓoye cikin uwarsa. Likitoci sun gano lokacin da wannan saƙa take tafiya da sauri. Wajen mako uku bayan shigar ciki zuciya ta fara bugawa. Kafin kwana 28 su cika, hanyar da za ta zama ƙwaƙwalwa da lakar baya ta rufe, ko kuma ta kasa rufewa. Zuwa ƙarshen mako na takwas an kafa hannu da ƙafa da leɓe da yawancin gaɓoɓin jiki. Wato a daidai lokacin da mace take cewa bari in ga ko al'adata ta yi jinkiri ne, an riga an yi nisa da aikin. Ga kuma al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki, wata don kunya, wata don tsoron bakin mutane. Sai ta ci gaba da kowane aiki don kada a gane, makonnin da suka fi hatsari su wuce tana riƙe da murfin tanki. 'Yar'uwa, ba sai kin yi shela a sujada ba, amma mijinki ya sani da wuri. Gidan da yake roƙon Allah haihuwa kuwa, ya fara kiyayewa tun ranar da ya fara roƙo.

A dā masana da yawa sun ɗauka mabiyiya matata ce da take tare kowace guba kada ta kai ga jariri. Garin Minamata na ƙasar Japan ya rushe wannan zato. Garin masunta ne, wata masana'anta kuma ta yi shekaru tana zubar da dattin da ke ɗauke da zaiba a bakin tekun da suke kamun kifi. A 1956 aka fara gane cutar. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, an samu iyaye mata da suka ci kifin ba su ji ciwon kirki ba, amma suka haifi 'ya'yan da ƙwaƙwalwarsu ta lalace, ba tafiya, ba magana. Gubar ta ratsa uwar ta taru a jikin ɗan. Saboda haka kada wata ta ce, ai ni ban ji komai ba, ko ciwon kai ban yi ba. Lafiyar da kike ji ba ita ce ma'aunin abin da ya kai ga na cikinki ba. Wannan zaibar har yau ana samunta a wasu mayukan bilicin da sabulan sa fari da ake sayarwa a kasuwa, duk da an hana. Mai ciki da mai shayarwa su ajiye su. Launin da Allah ya ba ki ba kuskure ba ne.

Abin da ya faru a Iraki ya fi kusa da rayuwarmu ta manoma. A ƙarshen 1971 aka shigo da irin alkama da sha'ir don shuka, an cuɗa shi da maganin zaiba don kada ya ruɓe a ƙasa, an rina shi ja-ja don gargaɗi. Ya iso wurare da yawa bayan lokacin shuka ya wuce. Rubutun gargaɗin da ke jikin buhunan cikin harsunan da manoman ba sa karantawa yake. Mutane suka wanke hatsin, jan launin ya fita, suka ɗauka gubar ma ta fita, suka niƙa suka yi gurasa. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka mutu a can, kuma an haifi yara da lalacewar ƙwaƙwalwa daga cikin matan da suka ci suna da ciki. Mu ma muna da irin masara da dawa da ake cuɗawa da magani, ja ko shuɗi. Maganin ba irin na Iraki ba ne, amma guba ne. Idan an gama shuka ya yi saura, a watan Yuli ko Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa, jarabar wanke shi a kai injin niƙa tana zuwa. Wankewa ba ta mayar da shi abinci, ga mutum ko ga kaji.

A gundumar Kasaragod ta ƙasar Indiya an yi fiye da shekara 20 ana fesa maganin ƙwari mai suna endosalfan daga sama a kan gonakin kashu. Likitocin yankin suka riƙa ganin yara masu nakasa da ciwon ƙwaƙwalwa fiye da kima a ƙauyukan da ke kewaye, har Kotun Ƙolin ƙasar ta hana shi a 2011. A nan gida kuma ba mu manta da Zamfara ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka mutu saboda gubar dalma, domin ana kawo dutsen zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Dalma tana ɓuya cikin ƙashin mace shekara da shekaru, idan ta ɗauki ciki sai ta fito tare da abin da jiki yake ɗiba don gina ƙashin jariri. Matasanmu masu zuwa haƙar ma'adinai, ku bar ƙura da kayan aiki a can, ku yi wanka ku canja riga kafin ku shiga ɗaki. Kwallin dutse ma sau da yawa dalma ce, kada a sa wa jariri a ido.

Na san abin da wani ɗan'uwa yake faɗa a zuciyarsa yanzu: Fasto, ba Markus 16:18 ta yi mana alkawari a kan shan guba ba? Ba mun rufe gidajenmu da jinin Yesu ba? Alkawarin yana nan, ban rage masa ko ɗigo ba. Amma ka duba ga wa aka yi shi, da kuma a kan wace hanya. An yi shi ga waɗanda aka aika su kai bishara cikin duniyar da za ta ƙi su. Bulus ya ga cikarsa a tsibirin Malta, sa'ad da maciji ya fito daga itacen da yake zubawa a wuta ya maƙale masa a hannu, bai kuwa cutu ba. Bulus itace ya je ɗiba don mutanen da ke jin sanyi, bai je neman maciji ba. Shaiɗan ma ya san ayoyin tsaro. Ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali, ya jawo masa Zabura 91, ya ce ya yi tsalle. Yesu ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Wanda ya san abin da ke cikin kwalba, ya bar matarsa mai ciki ta kwana cikin warinsa, yana cewa jinin Yesu, to, yana tsaye ne a kan ƙololuwar nan, kuma ba shi zai faɗa ba, ɗan da bai san komai ba ne za a jefa.

A Maimaitawar Shari'a 22:8 Allah ya umarci mai gina sabon gida ya kewaye soronsa da ɗan bango, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kan gidan. Allah mai iko ne ya aiko mala'ika ya tare mai faɗuwa, duk da haka ya ce a yi bangon. To maigida, ga naka bangon. Haɗa magani da fesawa aikinka ne, ko na wanda ka ɗauka, ba na mace mai ciki ko mai goyo ba. Ka sa riga mai dogon hannu da takalmin roba da safar hannu, ka rufe hanci da baki, kada ka yi feshi iska tana busowa fuskarka ko tana bi ta kan gida. Idan bakin famfon ya toshe kada ka busa da bakinka. Ka dawo ka yi wanka da sabulu kafin ka taɓa kowa, ka wanke kayan da kanka, daban da na iyali. Ka duba layin launin da ke gindin takardar kwalba: ja shi ne mafi hatsari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Takardar tana faɗin kwana nawa za a jira kafin a shiga gonar, da kwana nawa kafin a girbe. In ba ka iya karantawa ba, ka kawo ta majami'a ran Lahadi, akwai ɗalibai da malaman makaranta a cikinmu. Ba abin kunya ba ne. Manowa ma tambaya ya yi.

Galan ɗin da magani ya ƙare a ciki yana da kyau, yana da murfi, na sani. Shi ya sa ake ganinsa da kunu a gona, da ruwa a bakin rijiya, da manja ko gishiri a madafa. A ɗauraye shi sau uku a juye ruwan cikin tankin, a huda shi don kada wani ya tsinta ya yi amfani da shi. Wanda bai ƙare ba kuma a kulle shi a waje, nesa da ɗakin kwana da wurin abinci.

Iyayenmu mata, surukai, da girmamawa nake magana. Kukan ce mu mun yi noma har ranar da naƙuda ta kama mu, yaran yanzu ragwaye ne. Gaskiya kun yi, Allah ya sāka muku. Amma ku da fartanya kuka yi naku noman. Gonar da surukarki take shiga yau an jiƙa ta da abin da ba a san shi ba a zamaninki. Idan ta ce ba za ta shiga ba sai bayan kwana kaza, ki tsaya mata.

'Yan kasuwar cikinmu, akwai magana a kanku. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan maganin DDVP da aka samu a cikinsa, wato abin da ke cikin Sniper da fiya-fiya. Waken da Turawa suka ƙi, mu muke ci, matanmu masu ciki suke ci. Ɗan'uwan da yake yayyafa wannan a buhu don kada ƙwari su ci ribarsa, sa'an nan ya kawo zakka daga kuɗin, ya sake karanta ayar bangon soro. Akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda yake kashe ƙwarin wake ta hana su iska, ba tare da magani ba. Durom mai murfin da ba ya shan iska ma yana yi.

A cikin gida kuma, kada a haɗa Hypo ko Jik da wani maganin wanke bayan gida, haɗin yana fitar da iska mai ƙona huhu. Janareto ya tsaya a waje nesa da taga, gawayi kada ya kwana a rufaffen ɗaki, domin hayaƙin da ya sa uwa jiri kawai yana iya hana jariri iskar da yake rayuwa da ita. Ƙwallon kafur da muke jefawa cikin akwatin kayan jarirai yana fasa jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani. Amma kada kowa ya ji wannan ya je ya kwance gidan sauro. Gidan sauro mai magani an yi shi ne musamman don mai ciki da yara, zazzaɓin cizon sauro kuwa yana kashe ciki. Shi ne abin da zai maye gurbin fiya-fiya. In kuma tsautsayi ya faru magani ya zube a jiki, a tuɓe rigar a wanke da ruwa mai yawa da sabulu. In an sha ne, kada a ɗura manja ko madara, kada a sa mutum amai. A yi addu'a a kan hanya, a kai shi asibiti tare da kwalbar.

Akwai 'yan'uwa mata da wannan magana za ta yi musu nauyi, domin ba su da wanda zai ɗauki tankin. Mijin wata ya tafi cin rani, na wata yana kwance, wata ya rasu ya bar ta da ciki, wata kuma ƙodago take yi a gonar wani don abin da za a ci yau. Idan muka gaya mata kada ki yi feshi muka tafi, ciyawa ta cinye gonar, mun ɗora mata kaya ne kawai. Zumuntar Maza da ƙungiyar matasa, wannan hidimarku ce. Kakanninmu suna da gayya. A farkon damina shugabar Zumuntar Mata ta san waɗanda suke cikin wannan hali, ta faɗa wa dattawa a asirce, a ware Asabar ɗaya a je a yi musu. Mai gonar da yake ɗaukar 'yan ƙodago kuma, kada ya tura mata cikin amfanin da aka fesa jiya.

Yanzu ga waɗanda suka riga suka haifi ɗa da leɓe a tsage, ko ƙafa a lanƙwashe, ko baya a buɗe, ko kan da yake ta girma. Wataƙila kina karanta wannan zuciyarki tana bugawa, kina tuna damina kaza da kika yi feshi. Ki saurare ni, 'yata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai kusan 240,000 ne suke mutuwa kowace shekara cikin kwana 28 na farko saboda nakasar da aka haife su da ita, kuma a mafi yawan lokuta likita ba ya iya nuna abu guda ya ce shi ne sanadi. Akwai gado, akwai cututtukan da ke kama uwa, akwai ciwon sukari, akwai barasa, akwai ƙarancin abinci mai gina jiki. Magungunan nan suna ƙara hatsari, shi ya sa muke gargaɗi, amma ba wanda yake da ikon ya nuna ki da yatsa. A Yohanna 9 almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, nan da nan suka shiga neman mai laifi, shi ko iyayensa. Yesu ya kawar da tambayar, ya juya ga abin da Allah zai yi a rayuwar mutumin. Abin baƙin ciki ne a ce a cikin ikkilisiya ana kiran irin yaran nan 'ya'yan ruwa, ko a ce kakarsu mayya ce, ko a kori uwar zuwa gidansu. Wanda ya yi annabcin da ya raba gida a kan jaririn da bai ji ba bai gani ba, zai ba da lissafi. Mefiboshet gurgu ne a ƙafa biyu, a teburin sarki Dawuda yake cin abinci kullum.

Ku fito da yaran, kada ku ɓoye su a ɗaki. Mu ɗora musu hannu mu shafa musu mai, mu kuma kai su asibiti da wuri. Leɓen da ya tsage ana ɗinke shi, ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin wannan aiki kyauta a asibitoci da dama a Najeriya. Lanƙwasasshiyar ƙafa ana miƙe ta da ɗaurin filasta idan an fara tun jaririn yana ɗan makonni. Mace mai neman ciki kuma ta fara shan ƙwayar folik asid tun kafin cikin ya shiga, domin tana rage hatsarin buɗewar baya ƙwarai, kuma ba ta da tsada. Da zarar an gane ciki a je awo, a faɗa wa ma'aikaciyar jinya irin aikin da ake yi da irin maganin da ake taɓawa.

Addu'a: Ya Uba, kai ne mai saƙa ɗan adam a ɓoye. Muna kawo maka kowace mace mai ciki a cikin wannan ikkilisiya, wadda muka sani da wadda ba ta faɗa ba tukuna. Ka tsare abin da kake ginawa a cikinta. Ka ba mazajenmu zuciyar Manowa, su tambaya, su ji, su ɗauki tankin da kansu. Ka tashe mu mu shiga gonar gwauruwa kafin ciyawa ta rufe ta. Ka ta'azantar da uwar da aka zarga a kan ɗanta, ka buɗe mata ƙofar magani, ka miƙa hannunka ka warkar. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.